Dorugu: Yaron da ya ga Tambutu da Landan kafin ya yi gemu

A shafin tarihi na wannan mako mun ɗauko muku matafiyi. Mu 'yan Rano da Kibiya, da muka tashi a gindin duwatsu, in mun je yawon buɗe ido duwatsun Rurum ko bakin dam ɗin Tiga sai mu kwana uku muna ba da labari. To ga wani yaro Bahaushe, sa'an 'yan ƙaramar sakandare, da ya ratsa ƙasashe da hamada tun ba a san mota ba.

Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi. Tafiyarsa ta farko ba da son ransa ya yi ta ba. Mahara ne suka kama shi yana ƙarami, aka kai shi Zinder, daga nan aka yi ta sayar da shi har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno a lokacin. Ba Turawa ne suka kama shi ba, mutanen ƙasashen nan namu ne, kuma bai kamata mu riƙa tsallake wannan shafi ba in muna karanta tarihi.

A Kukawa ya shiga hidimar wani Bajamushe mai binciken ƙasa, Adolf Overweg, yana kula masa da raƙuma. Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani saurayi ɗan kabilar Margi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a gaɓar Tafkin Chadi cikin Satumban 1852, sai su biyun suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasashen nan.

A Nuwamban 1852 ayarinsu ya bar Kukawa ya nufi yamma. Suka bi ta Zinder da Katsina, suka isa Wurno da Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka wuce Gwandu, suka haye Kogin Kwara a garin Say. Daga nan tafiya ta yi tsanani, don damina ta same su a hanya, ga fadamu, ga zazzaɓi, ga tsoron mahara. Cikin Agustan 1853 suka shiga duwatsun Hombori, a ƙasar Mali ta yau. Waɗannan ba irin namu ba ne da akuya ke hawa tana kiwo. Tsaye suke cak kamar ganuwa, wasu kansu a shafe kamar faifai, wasu tsini kamar yatsu. Mafi tsawonsu, Hombori Tondo, ya kai mita 1,155, kuma babu inda ya fi shi tudu a duk Mali. Akwai wanda ake kira Hannun Fatima, wanda daga baya masu wasan hawan dutse daga Turai suka riƙa zuwa da igiyoyi suna gwada ƙarfinsu a jikinsa. Su Dorugu kam ba wasa ya kai su ba. A wannan yanki Barth sai da ya ɓad da kama ya ce shi Balarabe ne, don in an gane Kirista ne ransa na cikin haɗari. Ku duba nauyin da ke kan yaro ɗan shekara goma sha uku: kalma ɗaya ta kuɓuce masa a bakin rijiya, ayari duka ya shiga uku.

Sun isa Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853, suka zauna watanni ƙarƙashin kariyar Shaihu Ahmad al-Bakkay. A hanyar dawowa sun sauka Kano cikin Oktoban 1854, zamanin Sarki Usman. A 1855 suka ratsa Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka bi ta Faransa, suka isa Landan a watan Satumba. Barth ya kai su Jamus ma.

A Ingila ne aikin da ya fi shafarmu ya faru. Wani malamin mishan, James Frederick Schön, da ya daɗe yana nazarin Hausa, ya ajiye Dorugu a gidansa. Yaron na magana, Schön na rubutawa da boko: labarin rayuwarsa, tatsuniyoyi, kalmomi. Da taimakon wannan aka samu littafin nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da Magana Hausa na 1885, inda labarin tafiyarsa ya fito. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ya juya madubi. Turawa sun saba zuwa su kwatanta mu, shi kuwa ya zauna ya kwatanta su, har yadda suke zaman cin abincin dare da tarkacen cokula da wuƙaƙe. Amma sunan Schön ne a bangon littattafan, kamar yadda sunan Barth ne a kan taswira. A ganinmu an rage wa yaron mudu. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarin nasa da Turanci, duniya ta sake jin sunansa.

Abbega ya riga shi dawowa, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya dawo a 1864. Da tsufa ya zo masa, ya zauna a Kano, ya koyar da karatun boko a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. A nan ya rasu a 1912. Gidan Ɗan Hausa na nan har yau, kuma daga tashar Rano mota ɗaya ce zuwa birni.