Alhassan Ɗantata

Alhaji Alhassan Ɗantata (1877 – 17 ga Agusta, 1955) attajiri ne Bakano wanda ya yi fice a fataucin goro da sayen gyaɗa. A lokacin da ya rasu ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Daga kansa sunan Ɗantata ya samo asali: laƙabi ne da aka yi masa yana yaro maraya, daga baya ya zama sunan da zuriyarsa ke gada.

Asali

An haife shi a garin Bebeji da ke ƙasar Kano. Iyayensa Agalawa ne, wato fatake masu asali daga Buzayen ƙasar Azbin, waɗanda suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano har suka zama Hausawa. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyalin daga Katsina zuwa Madobi. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne mai jan ayari, kuma shi ya koma Bebeji da zama. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Yadda sunan ya samu

Abdullahi ya rasu wajen shekarar 1885, Alhassan bai kai shekara goma ba. Bayan ta gama takaba, Amarya ta tafi Ankara, babban birnin Ghana a yanzu, don ci gaba da kasuwancinta. Ta bar 'ya'yanta a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Ita ta rene su, ita mutane suke ganin yaron tare da ita, don haka aka riƙa kiransa ɗan Tata. A hannunta ya yi karatun allo, yana haɗawa da ƙananan saye da sayarwa don ciyar da kansa, kuma ana danganta ɗabi'arsa ta tattali da ajiya a asusu da tarbiyyarta.

Irin wannan laƙabi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ana jingina mutum ga uba ko uwa ko uwar goyo ko gari ta hanyar sa kalmar ɗan a gaba, kamar Shehu Usman ɗan Fodiyo da Malam Sambo ɗan Ashafa wanda ya kafa Gusau. Sai dai a al'ada laƙabin yakan tsaya kan mai shi. Bahaushe ba shi da sunan gida da ake gada: yaro yana ɗaukar sunan mahaifinsa, jika ya ɗauki na nasa uban. Da makarantun boko suka zo, sai aka riƙa rubuta wa ɗalibai sunan garinsu, shi ya sa ake samun masu amsa Gusau, Tsafe, Bunguɗu, Shagari ko Kano a ƙarshen sunansu ba tare da sun haɗa jini ba. Ɗantata na cikin sunaye kaɗan da suka saɓa wa wannan tsari, suka bi jini ɗaya har jikoki da tattaɓa-kunne.

Basasa da fataucin goro

A 1893 yaƙin basasa ya ɓarke a Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa da dama sun bi bayan Tukur, kuma shi aka ci da yaƙi. Alhassan na cikin waɗanda aka kama a wannan rikici tare da 'yan'uwansa, kafin daga baya su sami 'yancinsu.

Ya bi hanyar iyayensa zuwa Gwanja, ya kuma sadu da mahaifiyarsa a Ankara. A lokacin tsohuwar hanyar ayari tana mutuwa. Kasuwar Salaga, cibiyar goro ta Gwanja, ta watse bayan yaƙin da aka yi a garin a 1892, tafiyar jakuna kuwa takan ci watanni, ga fashi, ga kuɗin fito, ga goro mai saurin lalacewa in ba a kula da huhunsa ba. Alhassan na cikin 'yan Arewa na farko da suka sauya hanya: yana sayen goro a Kumasi da kewaye, ya loda a jirgin ruwa daga Ankara ko Sekondi zuwa Legas, daga nan a haura da shi Arewa. Ya kuma haɗa da cinikin duwatsun ado da yadin Turawa. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1908 ya ƙara karkata harkokinsa zuwa Legas da Kano.

Gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan mulkin mallaka sun sa rai auduga jirgin zai riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Masana'antun Turai na buƙatar man gyaɗa, amma kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma da amincin manoma. Fataken goro ne ke da waɗannan abubuwa biyu.

Alhassan ya dawo Kano da zama, ya gina gida a yankin Sarari da Koki cikin birni. A 1918 kamfanin Niger Company ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Tsarin shi ne kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi ya rarraba wa yaransa da dillalai, su kuma su shiga ƙauyuka su ba manoma, in an yi girbi a auna. Harkar gaba ɗaya a kan amana ta tsaya, irin wadda aka saba da ita a ayari. Zuwa 1922 ya sha gaban manyan attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo. Lokacin da bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano a 1929, an ruwaito cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. A wannan shekara aka kafa kamfanin UAC, ya zama babban mai saya masa gyaɗa. A shekarar ce kuma layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda, abin da ya shigar da ƙasar Zamfara cikin wannan ciniki sosai.

Ana danganta masa fara dalar gyaɗa, wato jera buhuna cikin siffar dala kafin jirgi ya samu kwashe su. Dala ɗaya takan ɗauki buhu kusan 15,000. Duk da ƙarfinsa, an daɗe ana barin lasisin sayen gyaɗa kai tsaye a hannun kamfanonin Turawa da na Kwarori, sai a farkon shekarun 1950 ya samu nasa.

Addini da rasuwa

Ya yi aikin Hajji, ya kuma biya wa mutane da dama kuɗin zuwa. A ƙarshen rayuwarsa ya zama ɗan majalisar Sarkin Kano. Da ciwo ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya kada su raba kamfanin Alhassan Dantata and Sons, su kuma riƙe zumunci. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari.

Yaɗuwar sunan

Rajistar kamfani da sunan, da kuma wasiyyar haɗin kai, su suka mayar da laƙabin sunan gida. Ahmadu Ɗantata ya jagoranci kamfanin har rasuwarsa a 1960. Sanusi Ɗantata, wanda ya rasu a 1997, ya shahara a sayen gyaɗa da sufuri, kuma babban mabiyin Ƙadiriyya ne. Mahmud Ɗantata na cikin waɗanda suka kafa kamfanin jigilar alhazai na West African Pilgrims Agency a 1948, wanda daga gajeren sunansa aka samu Wapa, kasuwar 'yan canji ta Fagge. Aminu Ɗantata, wanda aka haifa a 1931, ya karɓi ragamar kamfanin bayan Ahmadu, ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da man fetur. Ya rasu a watan Yuni 2025, aka binne shi a Madina.

A cikin jikoki, Abdulƙadir Sanusi Ɗantata ya kafa kamfanin gine-gine na Dantata and Sawoe. Ta ɓangaren mata kuwa, Mariya 'yar Sanusi ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957 ya kuma tashi a hannun kakansa Sanusi.

Dalar gyaɗa ta ɓace a shekarun 1970 sakamakon fari da cutar gyaɗa da komawar ƙasa ga man fetur. Sunan Tata, baiwar da ta reni marayan Bebeji, yana nan a jikin kamfanoni da kuma sunayen zuriyar yaron da ta rena.