Tarihin Tanimu ɗan Sulaiman, sarkin da ya mayar da Damagaram abin tsoro da abin kallo

A cikin sarakunan Damagaram babu wanda sunansa ya yi nisa kamar Tanimu ɗan Sulaiman. Har yau in aka ambace shi a Zinder, wasu ganuwa da igwa suke tunawa, wasu kuwa bayi da jini.

Tanimu ɗa ne ga Sarki Sulaiman ɗan Tintuma, wanda ya mayar da Zinder hedikwatar masarautar. Ya fara hawa gadon sarauta a 1841 bayan ya ture ɗan'uwansa Ibrahim, amma a lokacin Damagaram tana ƙarƙashin Borno, sai Shehun Borno ya mayar da Ibrahim a 1843. Tanimu ya sake karɓar mulki a farkon shekarun 1850, ya riƙe shi fiye da shekara 30.

Garin da ya gada ya saba da hukunci a bainar jama'a. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka Zinder a watan Janairun 1851 zamanin Ibrahim, ya rubuta labarin wata bishiya a bayan gari inda ake kashe waɗanda aka yanke wa hukunci, a bar gawarsu a fili. Manufar ba ta tsaya kan wanda aka kashe ba. Ana so masu wucewa su gani, su kai labari kasuwa da ƙauyuka, tsoro ya yaɗu.

Tanimu ya faɗaɗa wannan salon mulki. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suna ƙera igwa a cikin gari, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasar Hausa a wancan zamani. Ya mamaye maƙwabtan ƙasashe, ya rage wa Borno iko a kansa. Ayarin Buzaye da Larabawa suna sauka a Zango, suna fita da fata da gashin jimina zuwa Tarabulus. Suna kuma fita da bayi, mutanen da aka kamo a hare-hare, kuma da kuɗinsu aka sayi makamai masu yawa.

Akwai labarin baka da ke cewa an binne mutane da rai a cikin ganuwar domin ta yi ƙarfi. Yadda labarin ya daɗe a bakin jama'a ya nuna irin kwarjinin da sarkin ya bari.

Ya rasu a tsakiyar shekarun 1880. A 1899, bayan yaƙin Tirmini, sojojin Faransa suka shiga Zinder, ganuwar ba ta hana su ba.

Daga baya rayuwarsa ta koma dandali. André Salifou, masanin tarihi haifaffen Zinder, ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Tanimoune, wanda aka buga a 1973. Garin kuma yana da wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarakuna da manyan gwamnati, 'yan kallo suna shewa suna sa baki. A nan jama'a ce ke duba masu mulki, kuma ba a zubar da jinin kowa.

Mutumin da aka tara a gaban hauni a wancan zamani ba shi da zaɓi sosai. Matashin da bidiyon yanka ko na dukan ɓarawo ya faɗo wa a WhatsApp, a Zinder yake ko a Tarabulus, yana da shi. 'Yan bindigar da ke ɗaukar irin waɗannan hotuna abin da suke nema shi ne abin da aka nema a gindin waccan bishiya: mai gani da mai kai labari. Duk wanda ya tura bidiyon gaba ya yi musu aikin kyauta.