Ɗan Hausa: Baturen da Gidansa Ya Fi Shi Suna

Ranar da malamin da ke duba furojet ɗina ya ce in je Gidan Ɗan Hausa in yi awo, gaskiya raina bai so ba. Taken aikin nawa shi ne yadda za a gyara tsohon gini a mayar da shi gidan baje kolin zane-zane da sassaƙe-sassaƙen masu fasaha na wannan zamani, kuma na riga na tattaro misalai daga intanet ina ta rawar kai. Akwai wani gidan bene a garin Wida na Jamhuriyar Benin, ginin 1922, wanda gidauniyar Zinsou ta gyara ta buɗe a 2013. Akwai kuma tsohon rumbun hatsi na kankare a birnin Cape Town, wanda aka huda cikinsa aka yi gidan fasaha na Zeitz a 2017. Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na taɓa sa ƙafa a ɗaya daga cikinsu. Na ce a'a. Sai ya ce to in fara da wanda kuɗin adaidaita sahu zai iya kai ni.

Haka na ɗauki tef da littafin zane, na ja abokina, muka nufi Nassarawa da rana tsaka. Abin da ya fara kama ni shi ne sanyi. Waje ana ta zabga zafi, amma muna shiga soron farko sai ka ce an kunna na'ura. Bango ne na ƙasa mai kauri, ga rufin azara, ga bakuna sun tashi daga bango sun haɗu a sama, ga zankwaye a kan soro, ga zanen magina a fuskar gidan. A ciki an jera kayan sana'o'in gargajiya, domin gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Ina cikin jan tef sai abokina ya tambaye ni wane ne ma Ɗan Hausan. Na buɗe baki na rufe. Shekarata ashirin da biyu a garin nan, wallahi ni duk zatona wani attajiri ne na da. Ashe Bature ne, kuma ba ma haifaffen Ingila ba. Kunyar wannan rana ce ta sa na bi diddigin rayuwarsa, har na ga ya dace in kawo wa 'yan uwana ɗalibai.

Sunansa Hanns Vischer. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, ya yi karatu a jami'ar Kambirij ta Ingila. Zuwansa na farko ƙasar nan ba aikin gwamnati ne ya kawo shi ba. Ɗan mishan ne na ƙungiyar CMS, ya zauna a Loko, bakin kogin Binuwai, a farkon shekarun 1900. Bai daɗe a wannan aiki ba ya ajiye. A 1903, shekarar da sojojin Turawa suka ci Kano, ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya, ya shiga aikin mulkin mallaka, aka tura shi Barno. Ku riƙe wannan, don zai dawo mana: mutumin da zai buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa tsohon ɗan mishan ne, kuma ma'aikacin waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi.

Abin da ya fito da sunansa shi ne tafiyar 1906. Da hutunsa ya ƙare, maimakon ya dawo ta jirgin ruwa kamar sauran Turawa, sai ya sauka a Tarabulus ya haɗa ayari, ya keto hamada ta Murzuk da Bilma har zuwa tafkin Chadi. A ayarin akwai alhazai masu komawa gida da bayin da aka 'yanta masu neman garuruwansu. Wannan ita ce tsohuwar hanyar fatake da bayi, ba sabuwa ba ce a wurin mutanenmu, amma a wurin Turawa abin a jinjina ne. Ya rubuta labarin tafiyar a littafi da ya fito a 1910. Harshe kuwa Allah ya ba shi. Yadda Hausa ta zauna a bakinsa ne ya sa mutane suka laƙaba masa Ɗan Hausa, sunan ya bi shi, ya kuma bi gidan har yau.

Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, shi ne ya zaɓe shi ya tsara ilmin zamani a Arewa. Aka tura shi Masar da Sudan da ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ya ga yadda makarantunsu suke. Ya dawo ya buɗe tasa a Nassarawa, bayan ganuwar Kano, a 1909, zamanin Sarki Abbas. Ku duba lissafin: shekara shida kacal da cin garin. Ba mamaki mutane su yi ɗari-ɗari, su ga kamar wata dabara ce ta raba 'ya'yansu da addini. Shi ma ya san da haka, don haka ya bi a hankali. Ya fara da malamai, manya waɗanda suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, don su zama masu koyarwa. Sannan aka buɗe ajin 'ya'yan sarakuna da na sauran yara. Da Hausa ake koyarwa, ɗalibai suna cikin rigunansu da hulunansu, kuma ba a hana su karatun addini ba. Ana koyon karatu da rubutu, lissafi, labarin ƙasa da kiwon lafiya.

To ga inda labarin ya taɓo mu, mu 'yan poli. A gefen azuzuwan nan akwai makarantar sana'a. Ana koyar da ƙira, da dukanci, da kafinta da makamantansu, daga baya kuma aka ƙara koyon safiyo. Wato tun da aka shuka boko a Nassarawa, an dasa shi ne tare da aikin hannu, maƙera tana jin ƙarar allo, allo yana jin ƙarar uwar maƙera. Da na karanta wannan sai na tuna ranar da sakamakona ya fito na samu gurbi a nan. Wata gwaggona ta zo taya murna, amma da ta ji ba jami'a ba ce sai ta ce in yi haƙuri, Allah ya sa badi a dace. Ta'aziyya ta yi mini, ba barka ba. Kowa a cikinmu yana da irin wannan labari, kuma kowa ya san yadda ake fifita mai digiri a kan mai babbar difloma a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma. Abin da ya faru a ganina shi ne, cikin abu biyu da aka dasa a Nassarawa, mun shayar da ɗaya mun bar ɗaya. Wanda ya iya alƙalami ya zama malamin ofis a En'e, ya samu albashi da rawani. Wanda ya iya guduma ya ci gaba da zama maƙeri. Iyaye ba wawaye ba ne, sun ga inda romo yake, suka tura 'ya'yansu can.

Amma kada in yi muku kitso da ƙwarƙwata. Ɗan Hausa ba don Allah ya yi mana makaranta ba. Turawa suna bukatar masu rubuta haraji da masu riƙe littafin baitulmali, shi kuma ya samar musu. Kuma wannan lallaɓawa tasa tana da farashi. Rashin koyar da Turanci da wuri da ƙarancin makarantun sun taimaka wajen barin Arewa a baya, yayin da makarantun mishan a Kudu suke ta yaye ɗalibai. Sannan akwai maganar rubutu. A 1912 ya fitar da ɗan littafin ƙa'idojin rubutun Hausa da baƙaƙen Turawa, kuma makarantarsa da su take aiki. Baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ sun zo ne daga baya, cikin shekarun 1930, amma turbar da nake rubuta wannan maƙala a kanta yana cikin waɗanda suka share ta. Riba ce, ba musu. Sai dai kakana, Allah ya jiƙansa, yana rubuta wasiƙa da ajami, yana riƙe lissafin kasuwancinsa da shi, amma duk da haka idan aka zo cika takarda sai a sa shi ya dangwala yatsa a layin waɗanda ba su iya rubutu ba. Wannan ma yana cikin gadon Nassarawa. Duk wanda zai yaba wa Ɗan Hausa, to ya ajiye wannan a ɗaya hannun.

A 1911 ya auri Isabelle, 'yar ƙasarsu, ta zo ta zauna tare da shi a wannan gida na ƙasa, har ta rubuta littafin tunawa da zamanta a Arewa da Faransanci. Zamansa a Kano bai yi tsawo ba. Yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, ba da jimawa ba ya koma Turai ya shiga aikin soja. Bayan yaƙi bai dawo makarantarsa ba, sai ya hau kujerar da ta fi ta faɗi. Daga 1923 zuwa 1939 shi ne sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan ilmi a ƙasashen da take mulka, don haka ra'ayinsa na koyar da yaro da harshen uwarsa ya isa wurare masu nisa da Kano. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan a 1926. Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir a 1941, ya mutu a 1945 yana da shekara 68.

Na koma gidan sau uku bayan ranar farko, kuma kowane zuwa sai na ƙara ganin wani abu. Sunan Bature ne a kan gidan, amma hannun magina Kanawa ne a jikinsa. Su suka kwaɓa ƙasar, suka murza tubali, suka lanƙwasa azara ta zama baka. Ginin ƙasa kuwa ba a gama shi a tafi. Kowace damina tana cin rabonta, dole a dawo a yi yaɓe, a duba indararo, a toshe inda ya tsage. Gidan ya wuce shekara ɗari a tsaye ba don an sa masa suna a littafin tarihi ba, sai don ba a rasa masu aikin hannu da suke komawa kansa ba. Ranar da aka rasa maginin da ya san yadda ake ɗaure baka, ranar gidan ya fara mutuwa, ko da farfesa goma ne suka rubuta tarihinsa.

Wannan ne ya sauya furojet ɗina. Na yar da gilasan da na fara zanawa. Yanzu abin da na tsara shi ne gidan ƙasa irin wannan, an gyara shi da kayan da aka gina shi da su, an shigar da haske ta sama don kada rana ta ci zane, ɗakunan ciki kuma ɗaliban sashen zane-zane da matasan gari su rataye sababbin ayyukansu. A tsakar gida na ware rumfa ga maƙeri da baduku da magini, su yi aikinsu a gaban mai kallo, kamar yadda aka haɗa aji da maƙera a 1909. Malam ya duba zanen ya ja jan biro a wuri huɗu, ya ce in gyara magudanar ruwa kafin ranar kare aiki.

Don haka 'yan uwa, musamman na sashen gine-gine da na zane, kafin ku gama ku bar garin nan ku daure ku je Nassarawa ku ga gidan. Ku je da rana tsaka, ku ɗora tafin hannu a bangon, ku ɗaga kai ku dubi rufin. Ni dai yanzu idan gwaggona ta sake tambayata yaushe zan shiga jami'a, can zan kai ta.