Uwargida a Gona, Mai Zane a Tsufa: Rayuwar Anna Mary Robertson Moses (1860–1961)

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Anna Mary Robertson Moses, matar wani manomi a Amurka wadda duniya ta sani da laƙabin Grandma Moses, wato Kaka Moses. Ta shafe fiye da shekara 60 tana aikatau da noma da reno, ba ta zauna wa zanen fenti sosai ba sai da ta doshi shekara 80, amma ta bar zane fiye da 1,500. Maƙalar ta nuna cewa aikin gida da ya cinye mata lokaci shi ne kuma ya ba ta abin zanawa da tsarin yin aikin. Daga ƙarshe an auna rayuwarta da ta masu aikin hannu a ƙauyukan noma na ƙasar Hausa, irin na Matazu da kewayen Funtuwa da Malumfashi.

1.0 Gabatarwa

Tarihin fasahar zane ya fi mayar da hankali ga waɗanda suka yi makaranta, suka zauna a birni, suka mayar da zane sana'a. Ba safai ake jin labarin wanda yake zane bayan ya taso daga gona ba, balle macen da sai ta sauke tukunya ta kwantar da yara kafin ta ɗauki buroshi. Galibin irin waɗannan mutane aikinsu a cikin gida yake ƙarewa, sunansu kuma ya bi su kabari. Kaka Moses tana cikin 'yan ƙalilan da suka tsira daga wannan mantuwa, shi ya sa rayuwarta ta zama wurin da za a iya ganin yadda sha'awar zane take zama tare da ɗawainiyar gidan ƙauye.

2.0 Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Anna Mary Robertson ranar 7 ga Satumba, 1860, a wata gona da ke Greenwich, a karkarar jihar Niyok. Ita ce ta uku a cikin 'ya'ya 10 na Russell King Robertson da matarsa Margaret. Mahaifinta manomi ne, yana kuma da injin sarrafa wani tsiro mai kama da rama da ake yin zare da shi. Mutum ne mai son zane, yakan sayo wa yara farar takarda mai araha su yi ta zane a kai. Da yake babu fenti a gidan, yarinyar takan matse ruwan inabi da na wasu 'ya'yan itatuwa ta yi launi da su. Mahaifiyarta kuwa ta fi son ganin ta a bakin murhu da wurin wanki, domin a ganinta nan ne amfanin 'ya mace yake.

Karatunta bai yi nisa ba. Ta ɗan halarci makarantar ƙauye mai ɗaki ɗaya, tana da shekara 12 ta bar gida ta tafi aikatau a gidan wasu maƙwabta masu hali. Shekara 15 ta yi tana wannan aiki daga gida zuwa gida: girki, shara, ɗinki, jinyar marasa lafiya. A waɗannan gidaje ta ga hotunan ɗab'i na kamfanin Currier and Ives, masu nuna rayuwar karkarar Amurka, waɗanda suka zauna mata a zuciya har tsufa.

3.0 Aure da Noma

A shekarar 1887 ta auri Thomas Salmon Moses, wanda shi ma ɗan ƙodago ne a gonar da take aiki. Da ɗaura aure suka yi ƙaura zuwa kudu, suka sauka a kwarin Shenandoah, kusa da garin Staunton a jihar Bajiniya. Sun yi kusan shekara 18 a can, yawanci suna noman haya a gonakin mutane kafin su mallaki tasu. Anna Mary ta sayi saniya da ɗan abin da ta tara, tana kaɗa nono tana sayar da man shanu. Daga baya ta ƙara da suyar dankalin turawa tana kaiwa kantuna. Ta haifi 'ya'ya 10, biyar suka rasu tun suna jarirai.

A 1905 iyalin suka koma jihar Niyok, suka sayi gona a Eagle Bridge, ba nisa da inda aka haife ta. Duk tsawon wannan zamani babu wani zane da za a nuna a ce nata ne, in ban da 'yan ƙawace-ƙawacen kayan ɗaki. Zanenta mafi daɗewa da aka sani na 1918 ne, kuma larura ce ta kawo shi. Tana liƙa takardar ado a bangon falo sai takardar ta ƙare kafin a rufe allon da ake toshe bakin murhun ɗumama ɗaki da shi. Ta ɗauko fentin gida ta zana bishiyoyi da ruwa a kan allon. A lokacin tana da kimanin shekara 58.

4.0 Daga Allura zuwa Buroshi

Mijinta ya rasu a 1927. 'Ya'ya sun girma, nauyin gona ya koma hannun 'ya'ya maza, a karon farko a rayuwarta ta sami sararin zama. A farkon shekarun 1930 ta tafi garin Bennington jinyar 'yarta Anna da ke fama da tarin fuka, a can ta soma ɗinka hotunan karkara da zaren ulu a kan ƙyalle, tana rabar wa dangi da abokan arziki. Sai amosanin gaɓɓai ya kama mata yatsu, riƙe allura ya zama azaba. 'Yar'uwarta Celestia ce ta ba ta shawarar ta gwada buroshi, tunda ya fi allura sauƙin riƙewa.

Ba ta ɗauki abin a matsayin sana'a ba. Ta kai wasu zane-zanenta bikin nunin amfanin gona na yankinsu tare da 'ya'yan itatuwan da ta dafa da sukari ta adana a kwalabe. Kwalaben suka ci kyauta, zanen kuwa ba wanda ya waiwaye shi. Wasu kuma ta ajiye su a tagar wani kantin magani a garin Hoosick Falls, a cikin kayan hannun mata da ake sayarwa, kuɗin kowanne bai wuce dala 3 zuwa 5 ba.

5.0 Yadda Take Aiki

Wanda ya duba tsarin aikinta zai ga hannun uwargida mai tattali. Ba ta da ɗakin zane na musamman. A ɗakin kwananta take aiki, a kan wani tsohon teburi. Maimakon ƙyallen da ƙwararru suke shimfiɗawa, falankin katako na kamfani take amfani da shi. Takan fara samo tsohon firam tukuna, sannan a yanka falankin daidai da shi, ta shafe shi da farin fenti har sau uku don launuka su fito da haske. Takan jera alluna da yawa ta yi su a tare, ta zana sararin samaniyar dukkansu da haɗin fenti ɗaya don kada ragowa ta bushe a banza, kamar yadda mai girki take dafa abubuwa da dama a wuta ɗaya. Daga sama take farawa ta gangaro: samaniya, duwatsu, gonaki, gidaje, sannan dabbobi da mutane. Inda buroshi ya yi kauri, kamar wurin ido ko baki, sai ta sa tsinken ashana ko fil. Takan yanko hotuna daga jaridu da mujallu ta kwafi siffar doki ko ta mutum, ta kuma barbaɗa ƙyalƙyali a kan dusar ƙanƙara, ko da yake masana zane sun sha nuna mata rashin dacewar hakan.

Abin da take zanawa shi ne aikin da ta yi da hannunta shekara da shekaru: ranar wanki, dafa sabulu, yin kyandir, gayyar ɗinkin bargo, kamun talotalo don bikin godiya na kaka, da dafa ruwan itacen mafal har ya zama zuma a ƙarshen hunturu. Daga ƙwaƙwalwa take zana su, ba ta fita daji da allo. Ana hango filin daga sama, mutane ƙanana birjik, kowa da abin da yake yi, da wuya a ga mai zaman banza. Ta san inda ake kafa tukunya da yadda ake ɗaura wa doki keke, wannan sani ne ya ba hotunan gaskiyar da mai kallo yake ji ko da siffofin jikin mutanen ba su cika daidai ba. Da gangan kuma take barin turakun waya da motocin noma a waje, domin duniyar ƙuruciyarta take son tsarewa.

6.0 Fitowa Duniya

A 1938 wani injiniya mai tara zane-zane, Louis Caldor, ya ratsa ta Hoosick Falls ya ga hotunan a tagar kantin maganin. Ya saye su duka, ya nemi gidanta ya ƙaro wasu. Da ƙyar ya sami mai sauraron sa a birnin Niyok, don dillalai suna ganin babu riba a tallata tsohuwa mai kusan shekara 80. A 1939 aka sa uku daga cikin zanenta a wani nunin masu zanen da ba a sani ba a gidan adana zanen zamani na birnin. A watan Oktoba na 1940 Otto Kallir, dillalin zane da ya gudo daga Biyana bayan 'yan Nazi sun mamaye Ostiriya, ya shirya mata nuni nata na kanta a shagonsa, Galerie St. Etienne, da taken da ke nufin abin da matar manomi ta zana. Wata guda bayan haka babban kantin Gimbels ya gayyace ta ta yi jawabi. Da ta hau mumbari, sai ta yi wa jama'a bayanin burodinta da kwalaben 'ya'yan itatuwanta, ta bar zancen zane. 'Yan jarida suka so ta, laƙabin Kaka Moses ya bazu.

Daga nan sunanta ya yi ta gaba. Kamfanin Hallmark ya soma buga hotunanta a katunan gaisuwa a 1947. A 1949 Shugaba Harry Truman ya miƙa mata lambar yabo ta ƙungiyar mata 'yan jarida a Washinton. A 1950 aka zagaya da ayyukanta ƙasashen Turai, a 1952 ta fitar da littafin tarihin rayuwarta, a 1953 mujallar Time ta sa ta a bangonta. Duk da haka ba ta bar Eagle Bridge ba, ba ta kuma sauya zamanta ba.

Masu sharhin zane ba su haɗu a kanta ba. Zamanin ya zo daidai da tashen su Jackson Pollock, masu zanen da babu siffar komai a ciki, don haka da yawa suka ɗauki aikinta a matsayin kayan kasuwa da begen jiya. A cikin sukar akwai abin dubawa: matar da ta binne jarirai biyar ta yi aikatau tun tana yarinya ba ta bar wa wahala wuri a allonta ba. Amma jama'ar da suka fito daga yaƙin duniya na biyu abin da suke nema ke nan, sun kuma same shi a wurin wadda ta san ƙauye daga ciki.

Da ta cika shekara 100 a 1960, Gwamna Nelson Rockefeller ya ayyana ranar haihuwarta a matsayin ranar tunawa da ita a jihar Niyok. Ta ci gaba da zane har cikin shekararta ta ƙarshe. Ta rasu ranar 13 ga Disamba, 1961, a Hoosick Falls, tana da shekara 101. A 1969 aka buga kan sarki da zanenta, a 2006 kuma aka sayar da ɗaya daga cikin hotunanta na dafa ruwan mafal a kan fiye da dala miliyan 1. Gidan tarihi na Bennington ne yake riƙe da tari mafi girma na ayyukanta da jama'a ke iya gani.

7.0 Abin Lura ga Nazarin Hausa

Mutumin Matazu ko na ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi ba zai ga baƙon abu a wannan tsari na rayuwa ba. Damina ta gona ce. Sai an girbe dawa da masara, an tsince auduga, sannan hannu yake komawa ga saƙar tabarma da ɗinkin hula da shafen ɗaki. Mace kuwa ba ta da rani: daka da girki da reno da 'yar sana'ar ƙuli-ƙuli ko daddawa ba sa yankewa, a tsakankaninsu take saƙa faifai ta tsara jeren ɗakinta. Adon Bahaushe ya fi karkata ga zayyana irin ta dagi da sauran siffofin lissafi fiye da hoton mutum, amma matsalar ɗaya ce: lokaci, da kayan aiki, da wanda zai lura.

An yi rubutu a kan waɗannan ayyuka, an ma baje su a nunin fasahar Hausawa da David Heathcote ya shirya a Landan a 1976. Sai dai yawancin abin da ake adanawa kayan ne, sunan mai yin su da tarihin rayuwarsa ba su cika biyo su ba. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta yake jikin naira 20, ta fito ne saboda Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Ita ma, kamar Kaka Moses, katari ne ya haɗa ta da mai ido.

8.0 Kammalawa

Anna Mary Moses ba ta raba yininta biyu tsakanin zane da aikin gida ba. Aiki ne ya sha gaba har tsawon shekara 60, zane ya jira sai da takaba da girman 'ya'ya da ciwon yatsu suka buɗe masa hanya. Da ya zo kuma, daga wannan aikin ya ɗebi abin faɗa da dabarar yi. An san wannan duka ne domin an tambaye ta tana da rai, an rubuta. Tsofaffin da suka iya zanen ƙwarya da adon bango a ƙauyukan kudancin Katsina suna raguwa, fenti da siminti da robobi suna maye gurbin aikinsu. Rubuta sunayensu da yadda suka koya da lokacin da suke samun sukunin yi aiki ne da sassan nazarin Hausa za su iya ɗauka tun masu amsawa suna nan.