Tarihin Robert Moog, injiniyan da ya sa wutar lantarki ta yi kiɗa

Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyon mawaƙa, ko ya tsaya kusa da mai fiyano a gidan biki, ya ga yadda akwati ɗaya ke fitar da muryar sarewa, can ta koma ta ƙaho, can kuma ta koma wani gurnani da babu dabbar da ke yin irinsa. Yaran yanzu gani suke haka duniya ta taso. To ai akwai waɗanda suka yi shekaru suna ƙona yatsu da dalma kafin a kai nan. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Robert Moog, Ba'amurken da ya ƙera na'urar haɗa sauti da ake kira sintasaiza, ya fitar da ita daga ɗakunan binciken jami'o'i, ya miƙa ta hannun makaɗa. Sunan nasa Mog ake furta shi, da jan wasalin.

Tasowarsa

An haifi Robert Arthur Moog ranar 23 ga Mayu, 1934, a birnin Niyok, ya kuma tashi a unguwar Queens. Mahaifinsa injiniya ne a kamfanin wutar lantarki na birnin, yana da ɗan wurin ƙere-ƙere a ɗakin ƙarƙashin gidansu. Mahaifiyarsa kuwa burinta ya zama gwanin fiyano, kullum sai ta zaunar da shi ya yi atisaye. Yaron ya koyi kiɗan, amma hankalinsa na wajen baba, inda ake haɗa rediyo da amfilifaya.

Yana ɗan shekara 14 ya ga zanen wata na'ura a mujalla, ya zauna ya haɗa ta. Sunanta teremin, wani Barashe mai suna Leon Theremin ne ya ƙirƙiro ta wajen 1920. Abin mamakinta shi ne ba a taɓa ta. Eriya biyu gare ta, idan ka kai hannu kusa da ɗaya sai murya ta yi sama, idan ka kai kusa da ɗayar sai ƙarar ta ragu. Wannan na'ura ta shiga ransa, har ya bar duniya bai rabu da ita ba. A 1953 shi da mahaifinsa suka fara ƙera ta suna sayarwa, da sunan kamfanin R. A. Moog.

Da wannan ciniki ya riƙa tallafar kansa a karatu. Ya karanta kimiyyar fiziks a Kwalejin Queens, ya karanta injiniyancin lantarki a Jami'ar Columbia, sannan ya wuce Jami'ar Cornell, inda ya samu digirin dakta a 1965. A 1961 ya buga bayanin yadda za a haɗa teremin da tiransista, ya riƙa sayar da kayan haɗin a kan kusan dala 50. Ya sayar da wajen guda 1,000. Da kuɗin ya kama wani tsohon kantin kujeru a ƙaramin garin Trumansburg, kusa da Cornell, ya mai da shi wurin aiki.

Haɗuwarsa da Deutsch

A ƙarshen 1963, a wani taron malaman kiɗa a Rochester, ya haɗu da Herbert Deutsch, mai tsara kiɗa kuma malami a Jami'ar Hofstra. Damuwar Deutsch ita ce wahalar da ake sha kafin a samu sabon sauti. A lokacin sai dai a naɗi ƙara a tef, a yanka da reza, a liƙa, a yi kwanaki a kan kiɗan minti ɗaya. Babbar na'urar kamfanin RCA da ke Jami'ar Columbia kuwa ɗaki guda ta cika, kuma da takarda mai huji ake ba ta umarni.

A 1964 Deutsch ya je Trumansburg suka yi makonni suna gwaji. Shi ya faɗi irin sautin da kunnensa ke nema, Moog ya ɗauki dalma ya haɗa. Babu na'urar sanyaya ɗaki, ƙofa a buɗe take, masu wucewa su tsaya su ji kuka da fito da gurnani, su girgiza kai su wuce. Da Deutsch ya yi ƙorafin cewa sautin ba shi da mafari ba shi da ƙarshe, zuba kawai yake kamar famfo, sai Moog ya aike shi kanti ya sayo maɓallin ƙararrawar ƙofa. Da shi aka fara gwada sautin da zai tashi idan an danna, ya mutu idan an saki. A watan Oktoba na shekarar ya kai kayan taron injiniyoyin sauti a Niyok, nan take aka fara ba shi oda. Alwin Nikolais, mai tsara raye-raye, yana cikin na farko da suka saya.

Yadda na'urar ke aiki

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don duk darajar mutumin a nan take. Sauti dai girgizar iska ce. Idan girgizar ta yi sauri murya ta yi sama, idan ta yi jinkiri ta yi ƙasa. Moog ya raba aikin gida-gida, kowane gida da akwatinsa, ana sada su da wayoyi kamar na tsohon ofishin tarho.

Gida na farko shi ne uwar sauti, wadda ke haifar da girgizar. Tana iya fitar da ita da siffa iri-iri. Akwai mai kama da haƙoran zarto, mai kaifi a kunne kamar algaita. Akwai mai kusurwa uku, mai laushi kamar sarewa. Dabarar Moog ita ce ƙarfin wuta ne ke juya komai. Idan aka ƙara bolt ɗaya, girgizar ta ninka, mai 440 a daƙiƙa ta koma 880. Maɓallan fiyanon ba su da murya tasu, kowanne adadin wuta kawai yake aikawa. Kuma tunda wuta ce ke ba da umarni, to wata uwar sautin na iya juya wata. Ka sa ɗaya ta riƙa lilo a hankali, ka jona ta da ta biyu, sai ka ji murya na rawa kamar ta mai goge. Ka ƙara mata nisa sai ta koma jiniya.

Gida na biyu shi ne rariya. Sautin da ya fito da kaifi yana ɗauke da ƙananan muryoyi da yawa a samansa, rariyar ce ke tace su. Mai karatu, gwada wannan: ja harafin a da baki buɗe, sannan ka riƙa tsuke leɓe har ya koma u. Maƙogwaronka bai sauya komai ba, bakinka ne ya tace. Haka rariyar Moog take yi. Ya jera tiransistoci bibbiyu kamar matakan tsani, shi ya sa ake ce mata rariyar tsani, kuma ya samu rajistar mallakarta a 1969. Har yau masu ƙera irin waɗannan na'urori kwaikwayonta suke yi.

Gida na uku shi ne mai tsara numfashin sauti. Ganga da an buga take tashi, ta mutu nan da nan. Goge kuwa a hankali yake shigowa, ya zauna muddin ana ja. Vladimir Ussachevsky na Jami'ar Columbia ne ya nemi Moog ya raba masa wannan kashi huɗu: saurin tashi, saurin sauka, matakin da zai zauna, da tsawon jelar da zai ja bayan an saki maɓalli. Fiyanon da ke situdiyo yau, ko manhajar da ke cikin kwamfuta, in ka bincika za ka tarar da waɗannan huɗun.

Irin wannan na'ura ita ake kira analog, wato wutar ce da kanta ke lilo, babu kwamfuta mai lissafi a ciki. Tana da halinta. Idan ɗaki ya yi zafi sai muryar ta zame, dole a sake saiti. Ba ta kuma ajiye komai. Ka yi awa uku kana murɗe-murɗe ka samu sautin da ya yi maka, wani ya zo ya taɓa, shi ke nan ya tafi. Makaɗa a takarda suke zana inda kowane mamurɗi ya tsaya.

A daidai lokacin, can Kalifoniya, Don Buchla na ƙera tasa na'urar, amma ya ƙi sa mata maɓallan fiyano, don a ganinsa za su ɗaure sabon kiɗa da tsohuwar igiya. Moog ya bi shawarar Deutsch ya sa. Wannan ne ya sa duk wanda ya iya fiyano zai iya zama gaban tasa.

Suna ya fita

Wendy Carlos na cikin waɗanda suka fi matsa masa da gyare-gyare, har da neman maɓallan da ke jin nauyin yatsa. Na'urar murya ɗaya take fitarwa a lokaci guda, saboda haka Carlos layi-layi ta riƙa naɗar kiɗan Bach a tef tana ɗora wani kan wani. Faifan, mai suna Switched-On Bach, ya fito a 1968, ya ci kyautar Grammy uku, an kuma sayar da fiye da miliyan ɗaya. A 1969 ƙungiyar Beatles ta sa na'urar a faifanta Abbey Road. Keith Emerson ya riƙa hawa dandali da ita, ga wayoyi kamar saƙar gizo. Stevie Wonder ya gina fayafayensa na farkon shekarun 1970 a kan irin wannan sauti. Har a Inugu ta Najeriya, William Onyeabor ya yi aiki da kayan Moog.

Sai dai babbar na'urar tsada gare ta, dubban daloli, ga nauyi, ga wuyar sha'ani. Wani injiniyan kamfanin, Bill Hemsath, ya riƙa tsintar ragowar kaya yana haɗa ƙarama a lokacin hutun cin abinci. Daga nan aka samu Minimoog a 1970: uwar sauti uku, maɓalli 44, babu wayoyin jonawa a waje, ana iya ɗauka a hammata. A gefen hagu akwai ɗan gare da ake turawa da yatsa a lanƙwasa murya, kamar yadda mai kalangu ke matse tsarkiya. Wani abin dariya shi ne an yi kuskuren lissafi wajen haɗa ta, sauti na shiga rariyar da ƙarfi fiye da kima. Kuskuren ne ya ba ta kaurin muryar da makaɗa suka so, sai aka bar shi. An ƙera fiye da 12,000 kafin a tsaya a 1981.

Yadda sunansa ya kuɓuce masa

Moog ya iya waya, amma ciniki ba fanninsa ba ne. Daga cikin dabarun farko, rariyar kaɗai ya yi wa rajista, sauran kowa ya ɗiba. Zuwa 1970 oda ta ja baya, abokan gasa sun fito, bashi ya taru. A 1971 ya miƙa kamfanin ga wani ɗan kasuwa, Bill Waytena, wanda ya ɗauki bashin, aka kwashe kaya zuwa kusa da Buffalo. A 1973 kamfanin Norlin ya saye. Moog ya zama ma'aikaci a gidan da ya gina, har ya bar shi a 1977. Ya fita ya bar sunansa a can, don sunan ya riga ya zama hajar kamfani. Wasu na buga Moog a jikin kaya suna sayarwa, shi mai sunan doka ta hana shi.

Bai zauna yana kuka ba. A 1978 ya koma yankin duwatsu kusa da Asheville a Karolina ta Arewa, ya buɗe ƙaramin kamfani mai suna Big Briar, ya koma kan teremin ɗinsa. Ya yi aiki da kamfanin Kurzweil a shekarun 1980, ya kuma koyar a jami'ar Asheville. A 1989, a garin Bourges na Faransa, ya haɗu da tsoho Theremin ido da ido, shekara 40 bayan ya haɗa na'urarsa a gidan mahaifinsa.

A tsakanin nan kasuwa ta juya. Yamaha ta fitar da DX7 a 1983, mai aiki da lissafin kwamfuta, ba ta zamewa, tana ajiye sautuka. Mutane suka riƙa rabuwa da tsofaffin analog a arha, tsohon kamfanin Moog ma ya durƙushe. To amma kunne ba ya mantuwa. A shekarun 1990 matasan makaɗa suka shiga farautar tsofaffin, don ɗan zamewar nan da ake ganin aibi ce, ita ke sa sauti ya yi kama da abu mai rai. A 2001 aka ba shi kyautar Polar a Suwidin. A 2002, bayan doguwar shari'a, ya karɓo sunansa, ya fitar da sabuwar Minimoog mai suna Voyager, wadda ke iya ajiye sauti.

Rasuwarsa

Shekara uku kacal ya yi da sunan a hannunsa. A watan Afrilu na 2005 likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa, ya rasu ranar 21 ga Agusta, 2005, a Asheville, yana da shekara 71.

Bai taɓa ɗaukar kansa makaɗi ba, maƙerin kayan aiki yake kiran kansa. In ka bi tarihin na'urar za ka ga haka ne: maɓallan daga Deutsch, numfashin daga Ussachevsky, gyare-gyaren daga Carlos, ƙaramar daga yaran shagonsa. Nasa shi ne ya saurara da kyau, sannan ya san wace waya za ta haɗu da wace. Mu da ke tsaye gaban allo kullum, akwai irin yaron nan a kusan kowane aji, wanda ke kwance rediyon gida ana dukansa. Moog dai mahaifinsa wuri ya ba shi a teburin aiki, ya miƙa masa dalma.