Danny Blanchflower: Mai sharhin da bai iya yabon ƙarya ba

An haifi Danny Blanchflower a Belfast a 1926. Shi ne kyaftin ɗin Tottenham a 1961, shekarar da ta haɗa kofin gasar Ingila da na FA, bajintar da rabon a ga irinta tun 1897.

Ya yi ritaya a 1964. A 1967 gidan talabijin na CBS ya ɗauke shi sharhin sabuwar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka. Shugabannin gidan so suke a koɗa wasannin don jawo masu kallo. Shi kuwa, in wasa ya yi lami, sai ya faɗa wa masu kallon ƙarara. Hakan ya ɓata musu rai, har suka ja masa kunne.

Ya rasu a 1993, bayan fama da cutar mantuwa.