Santiago Ramon y Cajal (1852–1934): Masanin Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Duk mai nazarin yadda ɗan Adam ke koyon harshe dole ne ya bi ta kan ƙwaƙwalwa, domin a nan ake shirya magana, a nan kuma ake fahimtar ta. Wanda ya fara fito da tsarin ƙwayoyinta fili shi ne Cajal (ana furta sunan Kahal), wani likita ɗan ƙasar Sifen.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haife shi ranar 1 ga Mayu, 1852, a ƙauyen Petilla da ke arewacin Sifen. Mahaifinsa likita ne. Ya tashi yaro mai ƙiriniya, ba abin da ya sa a gaba sai zane-zane. Yana ɗan shekara 11 aka kulle shi na 'yan kwanaki, saboda ya harhaɗa igwa ya fasa ƙofar maƙwabci. Da ya gagari malamai, sai mahaifin ya kai shi koyon aski, daga baya kuma ɗinkin takalma. A 1868 ya sauya masa dabara, ya riƙa nuna masa ƙasusuwan jikin mutum yana sa shi zana su. Ta nan sha'awar karatu ta shige shi. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Zaragoza a 1873, sannan ya yi aikin likitan soja a Kyuba, inda zazzaɓin cizon sauro ya kusa halaka shi.

Bincikensa

A wancan zamani, akasarin masana sun ɗauka cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa a sarƙe suke kamar komar masunta, ba su da mararraba. A 1887 Cajal ya ga wata dabarar rini da sinadarin azurfa, wadda Camillo Golgi na Italiya ya ƙirƙiro a 1873. Rinin yakan baƙanta ƙwayoyi ƙalilan ya bar sauran, har a iya ganin su tsaf a madubin likita. Cajal ya inganta dabarar, ya gwada ta a kan ƙwaƙwalwar jariran tsuntsaye da dabbobi, waɗanda kitse bai riga ya lulluɓe jijiyoyinsu ba, yana zana duk abin da ya gani da hannunsa.

A 1888 ya bayyana cewa kowace ƙwaya, wadda a yau ake kira niyuron, cin gashin kanta take yi. Tana da gangar jiki, da rassa masu karɓar saƙo, da doguwar jijiya guda mai fitar da shi zuwa ƙwaya ta gaba. Sai a 1889, da ya kai samfuransa taron masana a Balin, aka fara gaskata shi. A 1906 aka ba shi kyautar Nobel tare da Golgi, wanda ko a jawabinsa na karɓar kyautar bai amince da ra'ayin Cajal ba.

Binciken da ya biyo baya ya ba Cajal gaskiya. A 1921 Otto Loewi ya nuna, da zuciyar kwaɗo, cewa jijiya na isar da saƙo ta hanyar sinadari. A shekarun 1950 kuma madubi mai aiki da lantarki ya nuna ɗan giɓin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wanda sinadaran nan ke tsallakawa. Cajal bai ga wannan ba, domin ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934.

Kammalawa

Tun a 1894 Cajal ya yi hasashen cewa horar da tunani na ƙara wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa rassa da mahaɗai, wato koyo na sauya ƙwaƙwalwar kanta. Daga baya masana halayyar ɗan Adam irin su Abraham Maslow da Carl Rogers suka jaddada cewa kowane yaro yana da baiwar da za ta bunƙasa idan ya sami kulawa da mutuntawa. Saboda haka, malamin da aka tura firamare a Birnin Kudu ko Gwaram, idan ya tarar da ɗalibin da ya cika littafinsa da zane maimakon rubutu, ya kamata ya nemi hanyar shigar da darasi ta cikin zanen, kafin ya yanke masa hukuncin daƙiƙanci.